Bango Ma Fitila Ne

A watan Disamba na shekarar 2023 aka yi bikin 'yar ƙanwata a gidanmu na gado da ke unguwar Zaitawa, cikin birnin Kano. Kamar yadda aka saba, an ɗauko mai hoto, wani saurayi mai fara'a da kyamara mai tsada rataye a wuya. Ya yini yana shiga ɗaki yana fita, fitilar kyamararsa tana ta walƙiya sai ka ce farkon damina. Bayan mako biyu aka kawo kundin hotuna, mata suka taru a tsakar gida ana ta miƙa shi hannu zuwa hannu. Can sai na lura da ƙanwar amarya, yarinya 'yar aji biyar a sakandare, ta duba shafi biyu zuwa uku ta ajiye, ta koma gefe ta yi tagumi. Da na tambaye ta dalili sai ta ce, "Kawu, ni dama ba na kyau a hoto. Na cika baƙi."

Na karɓi kundin na duba. Ta wani ɓangaren tana da gaskiya, domin kuwa hoton bai yi kyau ba ko kaɗan. Goshinta da karan hancinta sun yi fari fat kamar an barbaɗa musu toka, gefen fuskarta ya nutse cikin duhu, ga kuma wata baƙar inuwa a jikin bango bayanta kamar wani ya laɓe yana leƙe. Amma yarinyar da na sani tun tana zanin goyo ba haka kamanninta suke ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hukuncin da ta yanke: ta ɗauki laifin ta ɗora wa fatarta, alhali mai laifin yana can zaune a saman kyamara. Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin karewa a wannan shafi, shi ne yawancin munanan hotunan da ake yi mana sakamakon rashin sanin halin haske ne, kuma wannan sani bai fi ƙarfin ɗalibin sakandare ba. Hasali ma yana nan kwance a cikin manhajar kimiyyar lissafi da ta halittu, sai dai mun koyar da shi a kan allo mun bar shi a can.

Bari mu fara da ita fitilar walƙiyar, wadda masu hoto ke kira filash. Tun farkon sana'ar hoto, duhun ɗaki shi ne babban abokin gaba. A shekarar 1887 wasu Jamusawa biyu, Adolf Miethe da Johannes Gaedicke, suka haɗa wata hoda mai sinadarin magniziyam wadda ake kunna wa wuta ta yi walƙiya, ta cika ɗaki da hayaƙi, wani lokacin har ta ƙone gemun mai hoton. Daga baya, tun daga 1931, Harold Edgerton na Cibiyar Fasaha ta Masacusets a Amurka ya inganta walƙiyar lantarki, har ya kai a 1964 ya ɗauki hoton harsashi yana ratsa tuffa. Filash ɗin da ake ɗorawa a kan kyamara a yau jikan wannan ne. Batir yana tara lantarki a wani ɗan ma'aji har ya kai kusan bolt 300, sannan a sake shi gaba ɗaya cikin wani siririn bututun gilashi mai iskar zinon, sai ya ba da farin haske mai kama da na rana wanda sau da yawa bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. (Ɗalibai masu son kwance kayan lantarki su kiyaye: wannan ma'aji yana iya riƙe wutarsa ko an cire batir. Kada a buɗe shi.)

Filash iri biyu ne. Akwai ɗan ƙaramin da ke manne a jikin kyamara ko waya, wanda ba ya duban ko'ina sai gaba. Akwai kuma mai zaman kansa, wanda ake ɗorawa a saman kyamara, kansa yana lanƙwasuwa sama, yana juyawa dama da hagu, har baya. Irin wannan na biyun mai hoton bikinmu yake da shi, amma ya saita kansa gaba tun da safe bai sake taɓa shi ba har dare. Kamar mutum ne ya sayi doki ya ɗaure a turke yana hawansa a nan.

Ni ma ina da irinsa, na hannu, wanda na saya domin ɗaukar hotunan ƙwari da ganyaye da nake nuna wa ɗalibaina. Na sha karantawa cewa idan ana son hoton fuska ya yi kyau, sai a juya kan filash ya dubi rufin ɗaki ko bango, hasken ya bugi can ya dawo kan mutum. Saboda haka wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ɗauki kayana na nufi Zaitawa, cike da yarda da kaina.

Goggona, ƙanwar mahaifina, ita na fara roƙa ta zauna mini. Ɗakinta irin ginin da ne, rufin azara, wanda hayaƙin fitilar ƙwai da na turaren wuta na shekara da shekaru ya mayar baƙi wuluk. Na juya filash sama na danna. Hoton ya fito duhu ɗungurungum, in ban da ɗan ƙyallin 'yan kunnenta. Muka koma zaure, na juya filash ya dubi bangon ƙasa. A wannan karon haske ya samu, amma Goggo ta fito jawur kamar an tsoma ta a manja. Ta karɓi kyamarar ta duba da kyau, ta miƙo mini, ta ce, "Babana, wannan bokon naka dai bai kai ga hoto ba." (Sunan mahaifinta gare ni, shi ya sa ba ta faɗinsa.) Yaran gida suka fashe da dariya.

Waɗannan kurakurai biyu sun koya mini abin da littafi bai nanata ba. Littattafan koyon hoto an rubuta su ne a ƙasashen da kowane ɗaki ke da farin silin mai tsayin mita biyu da rabi zuwa uku. Gidajen cikin birni ba haka suke ba. Baƙin rufi yana shanye haske, kaɗan yake mayarwa. Bangon jar ƙasa, ko wanda aka yi wa makuba, yana shanye shuɗi da kore daga cikin farin hasken, ya dawo da ja-ja kawai. Wannan ita ce hikimar da muke koyarwa a darasin ganye: ganye kore ne domin sinadarin kulorofil yana shanye ja da shuɗi ya bar kore ya dawo idonmu. Don haka wanda ya buga filash a ɗakin amarya mai koren fenti, kada ya yi mamaki idan ta fito kamar mai fama da shawara. Bango yana rina hasken da launinsa kafin ya mayar.

Sai na aika a ɗauko farin zanin gado. Yara biyu suka riƙe shi a miƙe ta hannun damar Goggo, nisan kamar mita ɗaya da rabi daga gare ta, ni kuma na juya kan filash ya dubi zanin. Abin da ya fito a wannan karon har yanzu yana rataye a ofishina. Kowane layi na tsufa a fuskarta ya fito a natse, launin fatarta yana nan yadda Allah ya yi shi, kwallin idonta ya fito raɗau, inuwa kuma ta kwanta a hankali daga kunci zuwa wuya.

Me ya canza? Fitilar dai ita ce, ƙarfinta bai ƙaru ba. Abin da ya canza shi ne girman wurin da haske ke fitowa. Fuskar filash ba ta fi akwatin ashana biyu ba. Da hasken ya bazu a kan zani, sai zanin gaba ɗayansa ya zama fitila, mai faɗin fiye da mita. Ƙaramar fitila tana yin inuwa mai kaifi, domin kowane gurbi a fuska ko dai yana ganin fitilar ko ba ya ganinta. Babbar fitila kuwa, gurbin da ya ɓuya wa wannan gefe nata yana samun haske daga wancan gefen, sai inuwa ta yi laushi. Duk mutumin Kano ya san wannan ko da bai taɓa riƙe kyamara ba. Ka tsaya a rana tsaka a watan Afrilu ka dubi inuwarka, za ka ga bakinta kamar an yanka da reza. Ka sake tsayawa a wurin ranar da hazo ya sauko a watan Janairu, da ƙyar za ka ga inuwar. Rana ba ta ragu ba, ƙurar hunturu ce ta watsa haskenta har sararin sama duka ya zama fitila guda. Mai juya filash zuwa bango hazo yake ƙirƙira a cikin ɗaki.

Wani zai ce, to me zai hana a sa madubi? Madubi santsi gare shi, yana mayar da haske ta hanya ɗaya tak, kusurwar da ya shigo ita ce kusurwar da zai fita, kamar ƙwallon da aka buga a bango. Wannan doka tsohuwa ce, masanan Girka sun san ta, kuma Ibnul Haisam ya yi mata cikakken bincike a littafinsa Kitabul Manazir wanda ya rubuta a Masar wajen shekarun 1011 zuwa 1021. Madubi zai ba ka ƙaramin filash ɗin nan dai, daga wani gefe. Zani da bango mai farar ƙasa kuwa kaushi gare su idan aka duba da madubin ƙara girma, saboda haka suna watsa hasken ta kowace fuska. Duk da haka dokar kusurwa tana da amfani wajen zaɓar inda za a nufa da filash. Idan aka buga shi a silin daidai saman kai, hasken zai sauko kamar na azahar, ya bar duhu a ramin ido da ƙarƙashin hula ko goggoro. Abin da na ga ya fi shi ne a juya shi gefe, ya ɗan koma baya, ya nufi inda bango ya haɗu da rufi, domin hasken ya zo kamar daga taga. Wasu kan ɗaura ɗan farin kati da roba a bayan kan filash, ya tura ɗan haske kaɗan gaba, ya sa ɗigon ƙyalli a cikin ido.

Akwai wata doka ta biyu da ke bayyana abin da ake gani a kusan kowane hoton taron biki, inda na gaba suka yi fari kamar fatalwa, na baya kuma suka ɓace. Idan nisa daga ƙaramar fitila ya ninka biyu, hasken da ke isa yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Idan ya ninka uku, ɗaya cikin tara. Alal misali, amarya tana zaune mita 1 daga kyamara, uwar biki tana tsaye a mita 3. Hasken da uwar biki ta samu kashi ɗaya ne cikin tara na wanda amarya ta samu, kuma babu kyamarar da za ta gamsar da su biyun. Amma idan hasken ya taso daga bangon da ke mita 3 daga amarya, mita 4 daga uwar biki, bambancin ya koma kamar 16 da 9, wato bai kai ninki biyu ba. Kowa ya fito. Wannan lissafi ɗan aji huɗu zai iya yinsa a bayan littafinsa.

Yanzu mu zo ga fata, inda fannina yake. Launin fatar ɗan Adam yana zuwa ne galibi daga sinadarin melanin, wanda wasu ƙwayoyin halitta da ke ƙasan fatar sama suke sarrafawa. Abin sha'awa shi ne yawan waɗannan ƙwayoyi kusan ɗaya ne a jikin Bahaushe da Bature. Bambancin yana ga yawan melanin da suke yi da kuma girman ƙunshin da suke zuba shi. Idan haske ya faɗa kan fata, gida biyu yake rabuwa. Wani ɗan kaso, tsakanin kashi 4 zuwa 7 cikin ɗari, yana tsalle ya dawo daga saman fata tun bai shiga ba, musamman inda akwai maiƙo da gumi, kuma wannan kason ba ruwansa da launin mutum. Sauran yana shiga ciki, melanin ya shanye wani, wani ya dawo waje ɗauke da launin fatar. A farar fata, hasken da ya dawo daga ciki yana da yawa, sai ya rufe ƙyallin saman. A baƙar fata melanin ya shanye mafi yawansa, sai ƙyallin saman ya fito fili ya yi rinjaye. Idan fitilar ƙarama ce kuma tana daidai saitin kyamara, wannan ƙyalli zai taru wuri ɗaya a goshi da hanci ya zama farin tabo, sauran fuskar kuma ta zauna cikin duhu. Abin da ya sami 'yar ƙanwata ke nan. Idan kuwa fitilar babba ce kuma daga gefe take, ƙyallin nan zai shimfiɗu a hankali bisa kunci da goshi, ya fitar da siffar fuska kamar yadda haske ke kwanciya a jikin sabuwar tukunya. Wato abin da ya ɓata hoton farko shi ne ke ƙawata na biyu. A ganina baƙar fata ta fi kowace fata karɓar haske mai laushi, ta kuma fi kowace saurin tona asirin mai hoton da bai san aikinsa ba.

A ƙara da wata matsala ta suturarmu. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara an gina shi ne bisa zaton cewa duk abin da ke gabansa, idan aka gauraya, zai ba da launin toka matsakaici. To ga ango cikin farar babbar riga ta shadda mai ɗaukar ido, ta cika rabin hoto. Kyamara sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage, rigar ta koma ruwan toka, fuskar ango kuma ta nutse. Maganin bai wuce mai hoto ya ƙara hasken da hannunsa ba, ya auna daga fuska ya ƙyale riga.

Kada kuma a ɗauka na'ura ba ta da son kai. Na'ura mutane ne suka ƙera ta, da irin fuskokin da suka saba gani. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton wata Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley, domin su daidaita launin injinansu da shi. Duk hoton da aka wanke, da farar fatar nan aka auna shi. Wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ta nuna a binciken da ta wallafa a 2009 cewa daga cikin abubuwan da suka sa kamfanin ya gyara fim ɗinsa domin ya riƙa fitar da launuka masu duhu akwai koken masu sayar da kayan katako da masu yin cakulan, waɗanda hajarsu ba ta fitowa da kyau a talla. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da kati mai mata uku masu launi daban-daban. Ko a zamanin waya matsalar ba ta gushe nan take ba, shi ya sa a 2021 kamfanin Google ya yi shelar gyara kyamarar wayarsa musamman domin masu duhun fata. Na kawo wannan tarihi ne domin yarinyar da ta ce ba ta kyau a hoto ta san cewa ma'aunin da aka auna ta da shi ba don ita aka yi shi ba tun asali.

Amma fa tun kafin waɗannan gyare-gyare akwai 'yan Afirka da suka san makamar abin. Seydou Keita na Bamako, wanda ya buɗe wurin hotonsa a 1948 ya kuma rasu a 2001, yawancin hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su da hasken rana, ya rataya zani a bayan mutum. Hotunan baƙi da fari ne, amma har yau ana baje su a manyan gidajen tarihi na duniya, kuma babu fuskar da ta ɓace a cikinsu. Tsakar gida irin tamu, mai katanga ta kowane gefe, ita kanta na'urar tausasa haske ce da safe da kuma bayan la'asar.

Ban ce filash na kai-tsaye haramun ne ba. Ɗan ƙasarsu Malick Sidibe, wanda ya sami babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na birnin Benis a 2007, da irin wannan filash ya bi samarin Bamako wuraren rawa da dare a shekarun 1960, kuma kaifin hasken ya dace da zafin abin da yake ɗauka. Haka nan a fili da dare, inda babu bango babu rufi, ko a babban zauren taro mai dogon silin, babu abin da za a buga hasken a kai. Buga haske a bango yana kuma cin ƙarfin filash sosai, batir ya riƙa saurin mutuwa, a riƙa jira tsakanin hoto da hoto. Duk wannan gaskiya ne. Bambancin shi ne Sidibe ya zaɓi haskensa da sani, mai hoton bikinmu kuwa bai san akwai zaɓi ba.

Akwai ma wani wuri da filash na kai-tsaye yake da amfanin da ya fi na ado, kuma ina roƙon malamai su isar da wannan ga iyaye. Mun san jan idon da kan fito a hoton dare. A cikin duhu ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido tana buɗewa sosai, kuma tana bukatar wajen kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa kafin ta fara tsukewa, walƙiya kuwa ta riga ta shiga ta fita. Hasken yana bugun bangon ido na can ciki, mai cike da jijiyoyin jini, ya dawo ja ta hanyar da ya bi. Tunda filash yana dab da gilashin kyamara, sai kyamara ta gan shi. A wurinmu jan ba ya cika tsanani, domin cikin idonmu ma akwai melanin mai yawa. Kyanwa da akuya da kare kuwa suna da wani shimfiɗi mai ƙyalli a bayan ido wanda mu ba mu da shi, shi ya sa idonsu ke haskawa idan an dalle su da tocila. Da zarar an kawar da filash daga saitin kyamara, jan ido ya tafi. To amma idan aka ɗauki ƙaramin yaro da filash na kai-tsaye, aka ga tsakiyar idonsa ɗaya ta fito fari ko ruwan ɗorawa, musamman a hoto fiye da ɗaya, kada a ce laifin kyamara ne a share. Yana iya zama alamar yanar ido, ko kuma wata sankarar cikin ido da ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 5, wadda ake iya magancewa idan an gano ta da wuri. A kai shi wurin likitan ido ba tare da jinkiri ba. A nan Kano akwai sashen ido a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai kuma Asibitin Ido na ECWA.

Na san abin da wasu abokan aikina za su ce: ga manhaja ba a gama ba, ga jarrabawar WAEC da NECO a gaba, wa ke da lokacin koyar da hoto? Wasu kuma za su ce ai yanzu waya tana gyara komai da kanta. Ga amsata. Gyaran da yawancin manhajojin waya ke yi shi ne su ƙara wa fuska fari su goge mata kamanni, kuma yarinyar da ta saba ganin kanta a haka, wata rana madubin ɗakinta zai zame mata abokin gaba. Daga nan zuwa kantin man shafawa ba nisa. Ban ce mummunan hoto ne kaɗai ke kai 'yan mata, har da samari, ga bilicin ba, dalilan suna da yawa kuma sun girmi kyamara. Amma yana daga cikin masu rura wutar. Mayukan nan kuwa da yawansu suna ɗauke da sinadarin haidurokwinon, ko makuri mai lalata ƙoda, ko magungunan da ke sirantar da fata har ta riƙa tsagewa, kuma aikinsu shi ne hana jiki yin melanin, garkuwar da ke tare mana zafin hasken rana. Ƙasar Kwaddibuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, a 2023 kuma hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin babbar barazana ga lafiyar al'ummar Nijeriya. Idan darasi ɗaya na minti arba'in zai sa yarinya ta gane cewa fitila ce ke bukatar gyara, ban ga asarar lokaci a ciki ba.

Kuma darasin ba sabo ba ne a manhaja. Dawowar haske daga madubi, samuwar inuwa, launuka, ginin ido, aikin fata, duk suna cikin abin da ake tambaya a jarrabawa. Ba a bukatar kyamara mai tsada. A rufe tagogin aji, a ɗora lemo ko ƙoƙo a kan tebur, a haska shi da tocila daga gaba, ɗalibai su zana inuwar da suka gani. Sannan a juya tocilar ta dubi farin kwali da wani ɗalibi ya riƙe a gefe, su sake zanawa. A canza kwalin da ja, sannan kore, sannan baƙi. A matsar da shi kusa, a ja shi nesa, a auna da ma'auni. Daga nan a zaunar da wanda ya fi kowa duhun fata a ajin, idan ya yarda, a ɗauke shi da waya sau biyu: ɗaya da fitilar wayar, ɗaya kuma a kashe ta, a haska farin kwali da tocila biyu daga gefensa. A bar ɗalibai su yi bayanin bambancin da bakinsu. Malamin da ke da filash mai juyawa, ko ya san mai hoton da zai ara masa na awa ɗaya, ya zo da shi.

A ranar Juma'ar nan, bayan an gama da Goggo, na sa aka kira 'yar ƙanwar tawa. Da farko ta ƙi, sai da Goggo ta tsawata mata. Ta zauna a kan tabarma a bakin zaure da mayafinta ruwan hoda, yaran nan biyu suka sake ɗaga zanin gadon, hannuwansu sun fara gajiya suna ta mita. Na ɗauka sau uku, domin a na farko ta rufe ido. Na miƙa mata kyamarar. Ta daɗe tana kallo, ta matso da hoton kusa, ta mayar, ba ta ce komai ba. Da na tashi tafiya bayan magariba, har na kai bakin lungu, sai ga ta da gudu ba ko takalmi.

"Kawu, na ukun nan. Ka turo wa Umma a wayarta."